Injin Iska A Cikin Gida: Kowa Ya Saya, Ya Auna

Tun daga shekarar 2020, sa'ad da annobar Korona ta game duniya, wani inji ya shigo gidajen mutanenmu wanda a da ko labarinsa ba su taɓa ji ba. Shi ne injin nan mai tace iska, wanda a ke jona wa lantarki ya riƙa ba majiyyaci iskar oksijin ta robar hanci. Cikin watan Yuni na shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da labari ta sayi irinsa 14,000 don ta rarraba wa ƙasashe 120. Attajirai kuma suka yi ta shigo da nasu. Annoba ta lafa, har Hukumar ta yi sanarwa ran 5 ga Mayu 2023 cewa cutar ta daina zama abin gaggawa na duniya. Amma injunan suna nan. Ana sayar da su a kantunan kayan asibiti, ana tallansu a intanet, ana kawo na hannu daga ƙasashen waje, dangi kuma suna ba juna aro.

Wannan ci gaba ne, ba mu musu. Dattijon da ciwon huhu ya cinye, wanda a da sai dai ya yi ta kwana a asibiti ko ya haƙura a gida yana haki, yanzu yana iya zama cikin iyalinsa da robarsa a hanci. Amma akwai magana guda wadda mu ke so mu jawo hankalin jama'a da na hukuma a kanta. Iskar oksijin ba ta da launi, ba ta da ƙanshi, ba ta da ɗanɗano. Injin da ke ba da ita tsantsa da wanda ya lalace yana hura iskar ɗaki kurum, ƙararsu ɗaya ce, kumfar da su ke tayarwa cikin kwalbar ruwa kuma ɗaya ce. Ba mai iya rarrabe su da ido ko da hanci, ko da likita ne. Sai an auna. Mu kuwa a ƙasar nan ba mu saba aunawa ba tukuna.

Yadda Injin Ke Aiki

Kafin mu shiga maganar awo, ya kamata mai karatu ya san abin da ke cikin akwatin nan. Iskar da mu ke shaƙa gauraye ta ke. Cikin kashi 100, kamar kashi 21 ne oksijin, wadda jiki ke bukata. Kashi 78 naitirojin ce, wadda ke shiga huhu ta fito ba ta yi kome ba. Sauran kashi ɗayan yawancinsa wata iska ce da a ke kira argon. Injin ba ya ƙirƙirar oksijin, kuma ba a ɗura masa ita kamar yadda a ke ɗura wa tukunyar ƙarfe a masana'anta. Aikinsa tankaɗe ne, kamar mace da rariya: ya zuƙi iskar ɗaki, ya fid da naitirojin, ya miƙa wa majiyyaci abin da ya rage.

A cikinsa akwai famfo mai matse iska, da waɗansu gwangwanaye biyu dogaye cike da ƙwayoyin wani ma'adini mai suna ziyolait. Halin ma'adinin nan shi ne, in aka matsa masa iska da ƙarfi sai ya riƙe naitirojin ya bar oksijin ta wuce. Cikin 'yan daƙiƙu ya kan ƙoshi. Sa'an nan injin ya juya iskar zuwa gwangwani na biyu, ya sassauta wa na fari ya amayar da naitirojin ɗinsa waje. Haka su ke yi bi da bi dare da rana, kamar zugazugin maƙeri, wannan na cika wancan na fesarwa. Numfashin nan da a ke ji injin yana yi loto-loto, shi ke nan. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun wajen 1960 aka san ta a masana'antun Amurka, cikin shekarun 1970 kuma aka fara ƙera ƙananan injuna na gida.

Abin lura a nan shi ne ziyolait ba ya riƙe argon. Saboda haka argon ta kan biyo oksijin, ta taru har ta kai kashi 4 ko 5. Wannan ya sa ko injin da ya fi kowane kyau ba ya wuce kashi 95 ko 96 cikin 100. Duk ɗan kasuwar da ya ce maka injinsa na gida yana ba da kashi 99 ko 100, ko dai bai san hajarsa ba, ko kuwa yana so ya cuce ka. Kada kuma wani ya raina injin kirki don bai kai tukunyar ƙarfe ba, wadda tata iskar ta kan kai kashi 99 da ɗoriya. Littattafan ƙa'idar magunguna na Amurka da na Turai sun yarda da iskar da ke tsakanin kashi 90 da 96 a kan magani ce sosai, suna kiranta oksijin 93. Ga mai shaƙa ta hanci, bambancin 93 da 99 ba abin damuwa ba ne.

Ɗan Lissafi Kaɗan

Iyakar da masana suka yanka ita ce kashi 82. Cikin ƙa'idodin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 2015, ta ce lalle injin ya riƙa ba da iskar da ta haura kashi 82 a kowace lita da aka murɗa shi, tun daga ta ƙasa har ta ƙoli, kuma ya kasance yana da ƙararrawa ko fitila mai gargaɗi in iskar ta faɗi ƙasa da haka. Mu lura da kalmar nan "a kowace lita", gama a nan ne a ke yi wa mutane sakiyar da ba ruwa.

Lambobi biyu ne ke bayyana inji: lita nawa ya ke hurowa cikin minti guda, da kuma kashi nawa na abin da ya huro ne oksijin. Ɗaya ba ta da amfani sai da ɗayar. Lokacin annoba kasuwannin duniya sun cika da waɗansu ƙananan injuna masu araha, masu kyan gani, an rubuta a kwalinsu "lita 1 zuwa 7" da manyan baƙaƙe, a gefe kuma "kashi 90". Mai saye sai ya ɗauka zai sami lita 7 mai kashi 90. In ya duba ƙananan baƙaƙe, in ma an rubuta, sai ya tarar kashi 90 ɗin a lita 1 ne kaɗai, a lita 7 kuwa kamar kashi 30 ne.

Bari mu yi lissafin da ko yaron firamare zai iya bi. Tun da ya ke iskar ɗaki da ma tana da kashi 21 kyauta, ribar da inji ke kawowa ita ce abin da ya ɗara 21. Lita guda mai kashi 93, ribarta 72. Mai kashi 82, ribarta 61. Mai kashi 50, ribarta 29. Mai kashi 30, ribarta 9 tak. To, ɗan injin nan mai araha a lita 1 yana ba da ribar 69. In aka murɗa shi zuwa lita 7, sai 9 sau 7, watau 63. Ashe murɗawar ba ta ƙara wa majiyyaci kome ba, iskar ɗaki kurum aka tsarma masa, kamar mai nonon da ta ga masu saye sun yi yawa ta nufi bakin rijiya da ƙwaryarta. Injin gaskiya mai lita 5 kuwa, wanda ke riƙe kashi 93 har ƙoli, ribarsa 72 sau 5, watau 360. Ya ninka wancan fiye da sau biyar.

Mu ɗauka likita ya rubuta wa tsoho lita 3, 'ya'yansa suka yi karo-karo suka sayo mai arahar nan, suka murɗa shi a kan 3. Suna ganin kumfa, suna jin iska a tafin hannu, hankalinsu ya kwanta. Tsoho kuwa bai sami ko rabin abin da aka rubuta masa ba. In ya ƙara galabaita sai a ce ciwo ne ya yi tsanani. Ba wanda zai tuhumi injin, gama yana ta aikinsa ba fashi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Haka kuma akwai ƙanana na ratayawa a kafaɗa masu batir, waɗanda ba sa huro iska sai sun ji mutum ya ja numfashi. Lambobin da ke jikinsu, 1 zuwa 5 ko 6, matakai ne na kamfanin da ya ƙera, ba lita ba ne. Suna da amfani ga babban mutum mai fita unguwa in likita ya gwada shi da su. Ba su dace da jariri ba, kuma ba kowane majiyyaci su ke isa ba in yana barci.

Abin Da Ke Kashe Injin Kirki

Ko injin da aka saya da kyansa ba ya dawwama a kan kashi 93. Babban maƙiyin ziyolait shi ne laima. Ma'adinin ya fi son ruwa bisa ga naitirojin, in kuwa ya sha ruwa ba ya sakinsa da sauƙi, sai ƙarfinsa ya yi ta raguwa a hankali. Injin da aka ajiye cikin ɗaki damina guda ba a kunna ba ya fi wanda ke aiki kullum saurin lalacewa. Wannan ya shafi dubban injunan da aka saya lokacin annoba aka jibge, yanzu kuma a ke fito da su ana ba 'yan'uwa aro da kyakkyawar niyya.

Na biyu ƙura. Mu da ke zaune inda hunturu ke rufe gari da hazo wata uku ba mu bukatar a yi mana bayani. A bayan injin ko a gefensa akwai wani soso mai tare ƙura. In ya toshe, famfo ba ya samun iskar da ta ishe shi, ya yi zafi, tsantsar iskar ta faɗi. Ƙa'ida ita ce a cire soson nan kowane mako a wanke da ruwa da sabulu, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar. Da hunturu kuwa sau biyu a mako bai yi yawa ba. Wanda ya mayar da shi da danshi ya kai wa ziyolait maƙiyinsa har gida.

Na uku zafi. Yawancin injunan an ƙera su su yi aiki har zuwa awo 35 ko 40 na ma'aunin zafi. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin bazara ya kan wuce haka, balle cikin ɗakin kwano da rana tsaka. Sai a ajiye injin inda iska ke ratsawa, a janye shi daga bango da labule kamar kamu ɗaya da rabi, kada kuma a lulluɓe shi da zane don gudun ƙura yana cikin aiki.

Na huɗu wutar lantarki. Inji mai lita 5 yana cin kamar wat 300 zuwa 350, mai lita 10 kuwa wajen wat 600. In wuta ta zo da rauni famfo ba ya matsa iska yadda ya kamata, in ta zo da ƙarfi fiye da kima ta ƙone shi. Tilas a haɗa shi da abin daidaita wuta. Wanda zai yi awa 15 yana shaƙa kullum, injinsa zai ci wajen yunit 5 kowace rana, sai mai gida ya yi wannan lissafi tun kafin ya saya, ya kuma tanadi ƙaramar tukunyar iska saboda ranar da wuta ta ɗauke da tsakar dare.

Na biyar hannun mutane. In majiyyaci ya shiga wahala, abin da mai jiyya ke fara yi shi ne ya murɗa injin har ƙarshe. In ɗan ƙwallon da ke cikin gilashin lita ya haura jan layin ƙoli, iskar tana ratsa ziyolait da gaggawa ba ta tsaya ta tatu ba, sai tsantsarta ta ragu. Har wa yau inji ya kan ɗauki kamar minti 5 bayan an kunna kafin iskarsa ta kai ƙarfinta.

Abin Da Aka Gani A Asibitoci

Kada mai karatu ya ce tsoro kurum mu ke ba shi. 'Yan shekaru kafin annoba, waɗansu likitoci na Jami'ar Ibadan tare da abokan aikinsu na Ostireliya sun zaga asibitoci 12 a kudu maso yammacin Nijeriya da ma'aunin iska a hannu. Sun gwada injuna 57. Waɗanda suka tarar sun cancanci a sa wa majiyyaci ba su kai 5 ba. Da yawa suna kunnuwa, suna ƙara, suna tayar da kumfa, amma iskar ɗaki su ke hurawa. Ma'aikatan jiyya ba su sani ba, domin ba su da abin aunawa. Da aka kawo injuna na ƙwarai, aka koya wa ma'aikata kula da su da aunawa a kan kari, al'amarin ya gyaru.

To, in haka ta faru a asibiti, inda akwai likita da ma'aikatan jiyya, ina ga ɗakin tsohuwa a cikin lungu? Wannan ita ce tambayar da ta sa muka ɗauki alƙalami.

Bukatar kuwa ba ƙarama ba ce. Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa a shekarar 2018 ciwon huhu ya kashe yara 162,000 'yan ƙasa da shekara 5 a Nijeriya, ba ƙasar da ta kai ta. Cikin watan Fabrairu 2025 wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet Global Health ta kafa ya ba da rahoto cewa mutum miliyan 374 ne ke bukatar iskar oksijin kowace shekara a duniya, miliyan 9 daga cikinsu masu bukatarta na dogon lokaci ne. A Afirka kudu da Sahara kuwa, cikin masu bukata 100 kamar 9 ne ke samu. A wurinmu ga waɗanda tarin fuka ya warke ya bar musu tabo a huhu, ga matan da suka shekara arba'in suna shaƙar hayaƙin murhu, ga masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai, ga masu ciwon zuciya. Injin gida zai ƙara yawa, ba zai ragu ba.

Magani Ce, Sai Da Likita

Wajibi ne mu tuna iskar oksijin magani ce, tana da wanda ta dace da shi, tana da adadi. Amfaninta ga mai daɗaɗɗen ciwon huhu tabbatacce ne. A Birtaniya an gwada majiyyata 87 waɗanda iskar jininsu ta yi ƙasa ƙwarai, aka buga sakamakon a 1981. Cikin 42 da aka ba iskar awa 15 kullum, 19 suka rasu cikin shekara 5. Cikin 45 da ba a ba su ba, 30 suka rasu. A Amurka ma, a 1980, gwajin mutum 203 ya nuna masu shaƙa dare da rana sun fi masu shaƙa da dare kaɗai tsawon rai. Daga nan aka samo ƙa'idar awa 15 a ƙalla. Amma a 2016 wani gwajin na mutum 738 a Amurka ya nuna waɗanda iskar jininsu ta ragu kaɗan kurum ba su ƙaru da kome ba. Saboda haka ba duk mai haki ne ke bukatar inji ba. Wani hakin na ƙarancin jini ne, wani na zuciya ne, wani na asma ne, kowane da maganinsa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi mutanenta a 2021 kada kowa ya sayi injin nan ya yi amfani da shi ba da takardar likita ba.

Yawanta kuma yana da illa. Mai daɗaɗɗen ciwon huhu in aka cika masa iska numfashinsa ya kan yi sanyi, gurɓatacciyar iska ta taru a jininsa, ya yi ta gyangyaɗi har ya suma. Don haka likitoci ke tsayar da irinsu tsakanin 88 da 92 a ma'aunin yatsa, alhali sauran majiyyata ana nema musu 94 zuwa 98. A nan ma rashin sanin tsantsar inji yana da haɗari ta fuska biyu. Wanda ya saba da lita 5 a mataccen inji, ran da aka sauya masa sabo aka bar shi a kan 5, ya sami ninkin abin da jikinsa ya saba da shi.

Ma'aunin yatsan nan, ɗan abin da a ke maƙala wa yatsa ya nuna yawan oksijin cikin jini, lalle ne duk gidan da ke da inji ya mallake shi. In an sa wa mutum roba minti 15 lambar ba ta motsa ba, sai a tuhumi injin ko robar, a nemi ma'aikacin lafiya. Amma shi ma a san iyakarsa. Cikin Disamba 2020 likitocin Jami'ar Michigan suka ba da rahoto cewa, cikin baƙaƙen fata da ma'aunin ya nuna musu 92 zuwa 96, kusan 12 cikin 100 ainihin iskar jininsu ba ta kai 88 ba, alhali a fararen fata kamar 4 ne cikin 100. Watau a jikinmu ya kan yi ƙari. Sanyin yatsa, da jan farce, da baƙin lalle mai kauri su ma suna rikita shi. Sai a haɗa lamba da duban majiyyaci: saurin numfashinsa, da launin leɓɓansa da harshensa, da ko hankalinsa na nan daidai. Yaro kuwa mai ciwon haƙarƙari, wanda ƙirjinsa ke faɗawa in ya ja numfashi, asibiti a ke kai shi maza-maza. Ba a jiyyarsa da injin aro.

Wuta Da Hayaƙi

Iskar oksijin ba ta kamawa da kanta, amma tana sa kome ya ci da wuta kamar an zuba masa fetur. Cikin Afrilu 2021 tukunyar iska ta fashe a wani asibitin masu Korona a Bagadaza, mutum 82 suka hallaka. A gida, zanen gado da gemu da rigar mai shaƙa duk su kan jiƙe da iskar. Kada a sha taba a ɗakin, kada a kawo kaskon wuta ko turaren wuta ko maganin sauro na kunnawa ko fitilar kananzir kusa da shi, a bar tazarar mita 3 a ƙalla. Kada a shafa basilin ko wani mai a hanci don roba ta goge shi.

Janareta kuma a kai shi can waje nesa da taga. Abin da ke cikin ɗaki shi injin ke zuƙa, hayaƙin janareta kuwa yana ɗauke da guba mai kisa wadda ba a jin warinta. Abin da ya fi muni, ma'aunin yatsa ba ya gane wannan guba, sai ya nuna lamba mai kyau alhali mutum yana mutuwa.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Gwamnati ba ta yi barci a kan maganar iska ba. Nijeriya ta fito da tsarin wadata asibitoci da oksijin a 2017, ta sabunta shi don shekarun 2023 zuwa 2027. Cikin Janairu 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da kashe Naira biliyan 6.45 don kafa masana'antun iska a wurare 38. Cikin Mayu 2023 kuma babban taron lafiya na duniya a Janeba ya zartar da ƙuduri cewa kowace ƙasa ta tsara yadda mutanenta za su sami iskar. Duk wannan abin yabo ne. Sai dai yawancinsa a kan asibiti ya tsaya, injin da ke cikin gida kuwa ba shi da mai duba shi. Ga shawarwarinmu.

Da fari, hukumomin da aikinsu ne duba kayan asibiti da ingancin kaya, watau NAFDAC da SON, su sa ido a kan abin da ke shigowa. Duk injin da za a sayar don jiyya a tilasta a rubuta a jikinsa kashi nawa ya ke bayarwa a litarsa ta ƙoli, da baƙaƙen da kowa zai gani. Wanda ba ya riƙe kashi 82 a kowace lita, ko ba shi da fitilar gargaɗi, kada a bari a kira shi injin majiyyata.

Na biyu, kowane babban asibiti ya ajiye ma'aunin tsantsar iska, ya sa rana guda a mako wadda mutanen gari za su kawo injunansu a auna musu. Ma'aunin nan ɗan ƙarami ne, ya kan shiga aljihun riga, kuɗinsa bai kai na inji guda ba, awon kuma minti kaɗan ne. A liƙa wa kowane inji takarda mai nuna ranar awo da lambar da aka samu, a sake bayan wata uku. Kakanninmu sun san amfanin wannan, shi ya sa suka naɗa masu duba mudu a kasuwa. In an hana tauye mudun gero, na numfashi ya fi cancanta a tsare.

Na uku, masu sayarwa. Ɗan kasuwa mai tsoron Allah ya ajiye ma'auni a kantinsa, ya kunna injin gaban mai saye, ya murɗa shi har litar ƙoli, ya bari ya yi minti 10, sa'an nan su duba lambar tare. Mai saye kuma kada ya biya sai ya gani da idonsa, ya tambaya ko akwai soso da gwangwanayen canji, da wanda zai gyara in ya ɓaci. Wanda ya saya ba haka ba ya yi cinikin biri a sama.

Na huɗu ya shafe mu ma'aikatan ilmi. Yawancin injunan da a ke yasarwa ba mutuwa suka yi ba: soso ne ya toshe, ko roba ta tsage a ciki, ko ziyolait ke son canji. Makarantun koyon sana'a da kwalejojin fasaha suna iya koya wa samari wannan gyara cikin 'yan watanni, yaron da ya iya gyaran firji ba zai gagara ba. Makarantun koyon aikin jiyya su sa awon iska cikin darasinsu. Malaman da mu ke horarwa kuma, in sun zo koyar da kashi cikin ɗari, ga misali a hannu wanda ya fi na lemo da goro, gama wata rana ɗalibin zai tsaya gaban kanti da kuɗin jiyyar mahaifinsa.

Daga ƙarshe muna roƙon duk mai injin nan a gida, ko nasa ko na aro, kada makon nan ya wuce bai nemi inda za a auna masa shi ba. In fitilarsa ta koma ruwan ɗorawa ko ja, kada a liƙe ta da takarda a ci gaba, a nemi mai gyara, a kai majiyyaci asibiti. Mai lafiya yana jan numfashi wajen sau 20,000 kowace rana bai san yana yi ba, sai ran da ya gagara. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jiyyarsu da alheri, amin.